Sharhi: Wayar da aka binne a bango da gobarar da ke biyo baya

A ƙarshen watan Maris na shekarar 2016, cikin ƙarshen mako guda, manyan kasuwanni biyu suka kama da wuta a arewacin Najeriya: kasuwar Sabon Gari da ke Kano, inda rahotanni suka ce shaguna kimanin 3,800 ne suka ƙone, da kuma babbar kasuwar Birnin Kebbi.

Bayan shekaru biyar, a watan Janairun 2021, babbar kasuwar Sakkwato ta bi sahu, ta Katsina kuma ta biyo baya a watan Maris na shekarar. A ƙetaren iyaka ma babbar kasuwar Yamai ta ƙone a 1982, ta sake kamawa a 2009.

Kusan duk lokacin da irin wannan masifa ta auku, abin da ke biyo baya sananne ne. Gwamna zai je jaje, a kafa kwamiti, a yi alkawarin tallafi, sannan wani jami'i ya shaida wa manema labarai cewa ana kyautata zaton wutar lantarki ce ta haddasa gobarar.

Wannan bayani yana da daɗin faɗa, domin bai ɗora laifi a kan kowa ba. Sai dai wutar lantarki ba ta tayar da gobara haka kawai. Sai ta tarar da wayar da aka ɗora wa abin da ya fi ƙarfinta, ko mahaɗin da ya saki, ko robar da ta fashe. Kuma a gine-ginen da ake yi yanzu, galibin waɗannan wurare suna cikin bango ne ko saman silin, inda ido ba ya kaiwa.

Daga laka zuwa bulo

Kasuwanni ne ke shiga labarai, amma matsalar ta fi yawa a gidaje, kuma tana ƙara matsawa zuwa ƙananan garuruwa irin su Malisa, ɗaya daga cikin mazaɓun ƙaramar hukumar Gwandu a jihar Kebbi.

Duk wanda ya san ƙasar Gwandu da Kalgo shekaru talatin da suka wuce, ya san cewa ginin laka ne ya fi yawa. Inda wuta ta isa, akan bi da waya ne a saman bango, a kafe ta da 'yan ƙusoshi, ta je ga ƙwan fitila ɗaya ko biyu, da soket guda na rediyo ko fanka. Ba ta da kyan gani, amma idan ta yi baƙi ko ɓera ya ci ta, mai gida zai gani.

Yanzu lamarin ya sauya. Kuɗin shinkafa da albasa, musamman tun bayan da Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin bai wa manoma bashi na Babban Bankin Najeriya a Birnin Kebbi a watan Nuwamban 2015, da kuɗin da 'yan ci-rani ke aikowa gida, da kuma jami'ar tarayya da aka kafa a 2013 wadda mazauninta ke Kalgo, duk sun taimaka wajen yawaitar gidajen bulo da siminti, da ɗakunan haya, da shaguna.

Wanda ya yi ginin bulo kuwa ba ya son a ga waya a bangonsa. Binne waya ya zama alamar cewa gida ya haɗu, kamar tayil da silin na roba. Har a wajen neman aure akan lura da irin wannan.

Ita kuma wayar da aka binne ba ƙwan fitila kaɗai take ɗauka ba. Akwai firji, da dutsen guga, da hitar dafa ruwa, da injin jawo ruwa daga rijiyar burtsatse, a wasu gidajen har da na'urar sanyaya ɗaki.

Lissafin zafi

Kowace waya tana yin zafi idan wuta na bi ta cikinta, kuma zafin ba ya ƙaruwa daidai da nauyin da aka ɗora mata: idan aka ninka wutar sau biyu, zafin zai ninku sau huɗu ne.

Robar da ke lulluɓe da wayoyin gida an yi ta ne don ta jure zafin da bai wuce digiri 70 a ma'aunin Selshiyas ba. Idan ana yawan wuce haka, ba lallai ta kama wuta nan take ba. Za ta riƙa bushewa ne a hankali, ta yi tauri, ta tsattsage, har ranar da wayoyi biyu za su haɗu.

Wayar da ke fili tana samun iska ta huce. Wadda ke cikin bututu a bango ba ta da wannan gata. Shi ya sa ƙa'idojin aikin wayarin na Birtaniya, waɗanda Najeriya ta gaji tsarinta daga gare su, suka nuna cewa waya mai kaurin murabba'in milimita 2.5, wato wadda aka saba ja wa soket, za ta iya ɗaukar amfiya 27 idan tana fili, amma 24 kacal idan tana cikin bututu.

Wani abu da ba kasafai ake la'akari da shi ba shi ne, an yi wannan lissafi ne bisa zaton cewa zafin wurin digiri 30 ne. A Birnin Kebbi da kewaye kuwa, zafi kan haura digiri 40 a watannin Maris da Afrilu, tsakanin rufin kwano da silin kuma ya fi haka nesa. A digiri 45, ƙa'idar ta ce a rage kusan kashi ɗaya cikin biyar, ma'ana wayar da aka ce za ta ɗauki 24 ta koma wajen 19.

A wutar gida mai ƙarfin bolt 230, wannan bai wuce wat 4,400 ba. Hita guda da dutsen guga da na'urar sanyaya ɗaki a layi ɗaya sun isa su kai waya bakin iyakarta, ko da kuwa wayar ta gaskiya ce.

Fayif ba ya tare ƙusa

Akwai wata fahimta da ta yaɗu a tsakanin masu gini, cewa da zarar an zura waya a fayif na roba to an gama kare ta.

Fayif yana da amfani ƙwarai. Yana kare waya daga cokalin magini da kaifin bulo lokacin filasta, yana rage mata damshi, kuma mafi muhimmanci, yana ba da damar a zare wayar da ta lalace a zura sabuwa ba tare da an fasa bango ba. Wanda ya bari aka binne masa waya tsirara a cikin siminti don gudun kuɗin fayif, ya sayi aikin fasa gini a gaba.

To amma fayif ɗin roba ba ya tare ƙusa. Ƙusar kankare da za a kafa don rataya agogo, ko kalandar Musulunci, ko ƙarfen labule, ko jeren kayan amarya, za ta ratsa shi kamar yadda take ratsa kara.

Idan ƙusar ta haɗa wayoyi biyu gaba ɗaya, za a ji ƙara, wuta ta ɗauke, a gane an yi ɓarna. Wannan shi ne mai sauƙin. Mafi haɗari shi ne ta ɗan shafi wayar kawai, ta yanke wasu silalla, komai ya ci gaba da aiki. Wurin zai riƙa zafi wata da watanni. Ko kuma ƙusar kanta ta ɗauki wuta, ta zauna a bango tana jiran hannun yaro ko rigar da aka wanke aka rataya.

Birtaniya ta daɗe da fuskantar wannan matsala, kuma maganin da ta samo kashi biyu ne.

Na farko, ba a yarda a bi da waya ta ko'ina a bango ba. Dole ne ta tashi miƙe, sama ko ƙasa ko gefe, daga soket ko makunni, ko kuma ta bi cikin tazarar milimita 150 daga saman bango ko daga kusurwa. Hikimar ita ce duk wanda ya ga soket ya san inda waya ta bi, ya kauce. Mai wayarin da ya yanke hanya ya bi a karkace don ya rage waya ɗan kaɗan, ya kafa tarko ne ga duk wanda zai zauna a ɗakin har abada.

Na biyu ya zo ne a shekarar 2008, a bugu na 17 na ƙa'idojin. Tun daga lokacin, a gidajen zama, duk wayar da ba ta kai zurfin milimita 50 a bango ba, kuma ba a sa ta cikin bututun ƙarfe da aka haɗa da ƙasa ba, wajibi ne a sa mata wata na'ura mai yanke wuta da zarar ta ji yoyon da ya kai miliamfiya 30. Na'urar tana auna wutar da ta tafi da wadda ta dawo. Idan suka bambanta, ta san cewa wani abu, ko wani mutum, yana shan wutar, sai ta katse cikin ƙasa da daƙiƙa guda.

Bireka ko fis da aka saba gani a gidajen Najeriya ba wannan aiki suke yi ba. Su waya suke karewa daga nauyin da ya yi yawa, kuma wutar da za ta kashe mutum ba ta kai ko kusa da abin da zai sa su motsa ba. Balle kuma inda fis ya ƙone aka maye gurbinsa da guntun waya mai kauri, abin da ya zama ruwan dare.

Kada dai a ɗauka na'urar maganin komai ce. Ba ta ganin mahaɗin da ya saki yana tartsatsi, kuma irin wannan mahaɗi, da aka murɗa da hannu aka naɗe da salatif aka cusa a bango ba tare da akwati ba, yana cikin manyan hanyoyin da gobara ke farawa.

Jabun waya

Duk lissafin da ya gabata ya ginu ne a kan cewa wayar jan ƙarfe ce zalla, kuma kaurin da aka rubuta a jikinta gaskiya ne. A kasuwa kuwa ba kullum haka abin yake ba.

Hukumar kula da ingancin kayayyaki ta Najeriya, SON, ta sha kama jabun wayoyi tana lalatawa, duk da tsarin tantance kayan da ake shigowa da su da ta ɓullo da shi a 2005. Dabarun sanannu ne: a rage kaurin ƙarfen a ƙara na robar don waya ta yi kama da mai kauri, ko a yi ta da alminiyom a shafa masa jan ƙarfe a baya, ko a buga sunan kamfanin da aka yarda da shi a kan abin da ba nasa ba.

Alminiyom yana wuce da kusan kashi 61 cikin 100 ne kawai na wutar da jan ƙarfe mai kauri irin nasa zai wuce da ita, saboda haka a nauyi iri ɗaya zafinsa ya fi da wajen kashi 60 cikin 100. Yana kuma saki a bakin sukurori, saboda yawan buɗewa da tsukewa.

Amurka ta taɓa ɗanɗana wannan. Daga tsakiyar shekarun 1960 zuwa farkon 1970, lokacin da jan ƙarfe ya yi tsada, an yi wa gidaje masu ɗimbin yawa wayarin da alminiyom. Daga baya hukumar kare masu sayen kaya ta ƙasar ta bayyana cewa gidajen da aka yi wa irin wannan aiki kafin 1972 sun ninka na jan ƙarfe sau 55 wajen yiwuwar wani mahaɗi ya kai zafin da ke iya tayar da gobara. Kuma can ba yaudarar kowa aka yi ba, an san abin da aka saya.

Najeriya na da kamfanonin da ke ƙera waya mai inganci, irin su Coleman da Cutix da Nigerchin da Kabelmetal, har ma masu sana'ar da dama sun fi yarda da ta gida a kan ta waje. Matsalar ita ce farashi. Tun bayan janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira, kayan gini sun yi tashin gwauron zabi, kuma aikin wayarin kan zo ne daidai lokacin da bulo da rodi da kwano suka riga suka cinye aljihun mai gini.

A nan ne ake yin ciniki mafi muni. Mai gida ba zai yarda a rage ingancin ƙofa ko fenti ba, domin jama'a za su gani. Waya kuwa filasta za ta rufe. Idan kuma ya ba da aikin jimla, kaya da hannu a kuɗi ɗaya, to ya bai wa mai aikin dalilin sayen mafi araha, ko da mutumin kirki ne. Hausawa dai sun ce araha ba ta ado.

Wuta uku a bango ɗaya

Ba za a yi adalci ba idan aka ɗora komai a kan mai gida da mai wayarin, domin ita kanta wutar da ke shigowa ba ta da tabbas.

Jihar Kebbi tana samun wuta ne ta babban layin da ya taso daga madatsar ruwan Kainji zuwa Birnin Kebbi, inda daga nan wani layin ke wucewa Yamai. Kamfanin Kaduna Electric ne ke rarraba ta a jihohin Kaduna da Kebbi da Sakkwato da Zamfara. A watan Satumban 2023 gobara ta ƙone manyan taransfoma a tashar Birnin Kebbi, lamarin da ya jefa yankin cikin duhu, ya kuma nuna cewa hatta manyan na'urori ba su tsira ba.

A garuruwan da ke ƙarshen dogon layi, wuta kan zo da rauni. Injinan firji da na famfo kuwa idan wuta ta yi rauni sai su ƙara ja, waya ta ƙara zafi. Idan kuma wata waya ta tsinke a taransfomar unguwa, wasu gidajen kan samu wutar da ta zarce kima, kayan aiki su ƙone a lokaci guda. Mazauna yankin sun san abin da ake nufi idan aka ce an kawo wuta da ƙarfi cikin dare, alhali an bar hita a jone tun lokacin da aka ɗauke.

Rashin tabbas ɗin ya sa gida guda yanzu yana iya samun hanyoyin wuta uku: ta kamfani, da janareta, da sola. Kowacce wani ne daban ya haɗa ta, a shekara daban, kuma babu wanda ya san inda na farko ya bi da wayarsa. Wayoyin da ke tsakanin batir da inbata suna ɗaukar wuta mai yawa ƙwarai, kuma sau da yawa akan haɗa su ba tare da fis ba, a ajiye batiran a ɗakin da ake kwana.

Idan wutar ta tashi, silin ɗin roba kan narke ya zubo da hayaƙi mai guba, ƙarafan tagogi da aka sa don ɓarayi kuma su hana fita. Motar kashe gobara da za ta taso daga babban gari zuwa ƙauye, sau da yawa toka take tararwa.

Dokar tana nan

Abin mamaki shi ne ba doka aka rasa ba. A 2015 aka kafa hukumar NEMSA, wadda aka ɗora wa alhakin dubawa da gwada duk wani aikin lantarki kafin a sa masa wuta, da kuma ba masu aikin wayarin takardar shaidar ƙwarewa. A shekarar ce kuma hukumar NERC ta fitar da ƙa'idojin samar da wuta da haɗa ta a gine-gine. Dokar lantarki ta 2023 ta sake tabbatar da waɗannan iko.

Amma hukumar da ke da ofisoshi a manyan birane ba za ta iya leƙa kowane ɗaki da ake yi wa filasta a Malisa ko Kambaza ko Dalijan ba. Kuma lokacin da ya dace a duba aikin ɗan taƙaitacce ne, kwana biyu ko uku tsakanin sassaƙa bango da rufe shi. Bayan nan, sai dai gwaji da na'ura, wanda zai iya nuna yoyo amma ba zai nuna inda waya ta bi ba.

Gyaran tsarin mulki da aka yi a watan Maris na 2023 ya bai wa jihohi ikon tafiyar da harkar lantarki a cikin iyakokinsu, kuma a 2024 jihohi irin su Enugu da Ondo da Ekiti suka fara karɓar wannan iko. Muhawarar da ake yi a kai ta fi karkata ga samar da wuta da farashinta. Ba a cika jin ana maganar wanda zai duba bango ba, alhali nan ne jiha da ƙaramar hukuma suka fi gwamnatin tarayya kusa.

Galibin masu wayarin a karkara a wajen maigida suka koyi sana'ar, ba a makaranta ba, kuma wannan ba aibi ba ne. Da yawansu sun fi masu takarda iya aiki da hannu. Abin da suka rasa shi ne lissafin kaurin waya da na'urorin gwaji. Jihar da ke da kwalejin kimiyya da fasaha ta Waziri Umaru a Birnin Kebbi ba ta rasa inda za a ba su horo na 'yan makonni ba. Kora su daga sana'ar da sunan rashin lasisi ba zai yiwu ba, domin babu masu maye gurbinsu.

Akwai kuma batun yadda jama'a ke kallon lamarin. Idan gobara ta auku akan ce tsautsayi ne, wanda ba ya wuce ranarsa, kuma babu Musulmin da ke jayayya da ƙaddara. Sai dai malamai kan tunatar da hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Abu Musa al-Ash'ari, game da wani gida da ya ƙone da mutanensa cikin dare a Madina, abin da ya sa Manzon Allah (SAW) ya yi umarni da a riƙa kashe wuta kafin a kwanta. A fiƙihu ma, ma'aikacin da ya yi sakaci ko algus a aikin da aka ba shi, akwai lamuni a kansa. Ba kasafai ake jin an bi wannan hakki a kan aikin wayarin ba, watakila saboda shaidar takan ƙone tare da gidan.

Ba kowane bango ba

Wani abin da ya kamata a faɗa, ko da ba zai yi wa masu son ado daɗi ba, shi ne ba kowane gini ne ya dace a binne masa waya ba.

Bangon laka yana shan damshi da damina, yana tsagewa da rani, gara na bin cikinsa, kuma ana yi masa yaɓe lokaci-lokaci. Sassaƙa shi don a sa fayif yana raunana shi. A irin wannan gini, da ma shagunan kasuwa da ake yawan sauya musu fasali da masu haya, waya a fili cikin bututu ko kwaroron roba mai murfi ta fi aminci, domin ana ganin ta, ana iya buɗewa a duba.

A ginin bulo kuwa, abubuwan da ke raba aiki mai kyau da tarko ba su da tsada idan aka kwatanta da kuɗin gidan: mai gida ya sayi wayar da kansa a wurin dillalin da aka sani, ya kankare bakinta ya ga ko jan ƙarfe ne har ciki, a ja wa manyan na'urori layinsu daban da waya mai kauri, kada a yi mahaɗi sai a cikin akwatin da za a iya buɗewa, a kafa sandar ƙarfe a ƙasa a haɗa ta da gidan da gaske, ba a bar wayar tana lilo a bayan allon bireka ba.

Akwai kuma abu guda da zamani ya sauƙaƙa. Kusan kowane gida yanzu akwai wayar salula mai kyamara. Hoton kowane bango da aka ɗauka kafin magini ya watsa filasta shi ne taswirar da mai sola zai nema bayan shekara uku, da kafintan da zai kafa wa amarya labule, da kuma magajin da zai so fasa ƙofa a wurin bayan shekara ashirin.